WALODDI WEIBULL: MUTUMIN DA YA AUNA KWANAN ƘARFE

An haifi Waloddi Weibull a ƙasar Suwidin ran 18 ga watan Yuni, 1887. A cikin 1904 ya shiga aikin sojan tsaron gaɓar teku. Yana aiki yana karatun injiniya, har ya sami digirin dakta a Jami'ar Uppsala a 1932.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, sai a ƙera ƙarfe biyu iri ɗaya a masana'anta ɗaya, wannan ya karye yau, wancan ya shekara goma. A 1939 ya buga bayaninsa. Ya kwatanta ƙarfe da sarƙa, wadda ba ta tsinkewa sai inda ta fi rauni. Ba mai iya faɗin ranar da ƙarfe guda zai karye. Amma in aka gwada da yawa, aka rubuta tsawon kwanan kowanne, lissafi zai nuna nawa cikin ɗari za su kai wa'adi kaza.

Lissafin nan yana kuma bayyana dalilin lalacewa. In kaya suna mutuwa tun suna sababbi, aibin daga ƙira yake. In kuwa mutuwar tana ƙaruwa da tsufa, to cinyewa ce, sai a sake su kafin su ba da kunya.

Jama'a, abin ya shafe mu. Motar da ta ɗauko doya zuwa Kasuwar Muda Lawal a Bauchi, ko ta kawo tumatir Legas, a kan boris take tafiya. Boris ya watse a daji, kaya sun ruɓe, jari ya tafi. A 1947 Lundberg da Palmgren suka ɗora lissafin kwanan boris a kan aikin Weibull. Wa'adin da masu ƙira ke bayarwa shi ne wanda 90 cikin 100 za su kai. Watau 10 za su iya gazawa kafin nan, ko da na ainihi ne, balle jabu.

A 1951 ya sake gabatar da hanyarsa a mujallar injiniyoyin Amurka, daga nan ta bazu duniya. A 1978 Sarkin Suwidin ya miƙa masa lambar zinariya. Ya mutu a garin Annecy na Faransa ran 12 ga Oktoba, 1979, yana da shekara 92.