Sa'adu Zungur da Kalmomin Siyasa

An haifi Malam Sa'adu Zungur a Bauci, a gidan malamai, a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya ƙoshi da Larabci da fiƙihu tun yana yaro, sannan ya yi Kwalejin Katsina, kuma a 1934 ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Legas. Daga nan ya koyar da aikin kiwon lafiya a Zariya, inda ya fara tara matasa su yi muhawara kan zaluncin Turawa da na hukumar gargajiya, a zamanin da talaka ba ya ɗaga ido gaban hakimi. A 1943 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ci gaban Bauci, kuma a 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe. Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, almajirinsa ne a siyasa.

Abin da ya fi shafar ɗalibin harshe shi ne yadda ya sa Hausa ta ɗauki nauyin muhawarar tsarin mulki. A waƙarsa "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" bai ari kalmomin Ingilishi ba, ko da yake ya iya shi sarai. Larabci ya koma, harshen da malamai da sarakuna ba su da bakin rainawa, ya ɗauko kalmomin biyu ya jera su a kan amsa-amon "ya" da ya riƙe har ƙarshe. Masu jin sunan waƙar kawai sukan zaci rushe sarauta yake nema. Ba haka ba ne: gargaɗi yake yi wa sarakuna su gyara, su buɗe makarantu, su bar zalunci, kada ƙarshensu ya zama irin na sarakunan Indiya bayan 1947. Wannan matsayi bai gamsar da masu rawani ba, bai kuma gamsar da duk ƴan sawaba ba.

Ciwon huhu ya cinye shekarunsa na ƙarshe. Ya rasu a Janairun 1958 yana da shekara arba'in da ƴan kai, bai ga ƴancin Najeriya ba. Ran 18 ga Disamban shekarar aka kafa Jamhuriyar Nijar, kalmar da ya saka a waƙa ta shiga bakin kowa daga Yamai har ƙauyukan Damargu. A Najeriya kuwa, jami'ar jihar Bauci da ke Gadau sunansa take ɗauke da shi.