Modibbo Adama: Malamin da ya riƙe tutar Fombina

Lokacin da shugabannin Fulanin kogin Binuwai suka tura wakilai wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo domin neman izinin jihadi, akwai masu garken shanu da mayaƙa da yawa a cikinsu. Amma a shekarar 1809 Shehu ya damƙa tuta a hannun wani malami mai ƙaramin ƙarfi, Adama ɗan Arɗo Hassana, wanda ya yi karatu a ƙasar Barno. Iliminsa ne ya sa aka fifita shi. Aka naɗa shi Lamiɗo Fombina, wato sarkin kudu a harshen Fulatanci, sai dai shi ya fi son a kira shi Modibbo, ma'ana malami.

Ya kafa sansaninsa na farko a Gurin, a bakin kogin Faro. A filin ƙasa dawakinsa sun yi rinjaye a kan garuruwan Bata da dama. Matsalarsa tana arewa, inda daular Mandara take, ita ma ta Musulmi, mai dawaki da tsohon tsarin sarauta. Adama ya kai yaƙi har Dulo, babban birninta, ya kuma ci garin bayan Sarki Bukar ya janye. Nan ne abin ya lalace. Mayaƙansa suka watse neman ganima, Mandarawa suka komo da ƙarfi, Modibbo ya tsira da ƙyar. Mandara ba ta taɓa shiga hannunsa ba har ya bar duniya.

Duk wanda ya san Mubi, da duwatsun da suka tokare ta daga gabas, zai fahimci iyakar yaƙin doki a wannan yanki. Fulani sun mallaki kwari da makiyaya, Mubi da Madagali suka zama garuruwan sarauta masu biyayya ga Lamiɗo. Amma Fali da Gude da Higi da yawa sun haye tsaunuka, inda doki ba ya hawa, suka ci gaba da rayuwarsu. Tarihin ba ya cika sai an faɗi cewa hare-haren kamun bayi sun ɗaiɗaita ƙauyuka masu yawa, kuma zuriyar waɗanda abin ya shafa ba su manta ba.

Gwagwarmayar da ta fi ba shi wahala ita ce ta cikin gida. Manyan arɗaɗɗai irin su Buba Njidda na Rai da Hamman Sambo na Tibati sun ci ƙasashe da takubbansu, suna kuma ganin ba su da dalilin rusuna wa wanda bai fi su runduna ba. Adama ya riƙe su da haƙuri, da martabar tutar Shehu, da goyon bayan Sakkwato. A ganina nan gwanintarsa ta fi bayyana, fiye da fagen fama.

Ya sauya mazauni daga Gurin zuwa Ribadu, daga nan zuwa Joboliyo, kafin ya kafa Yola a shekarar 1841. A can ya rasu a 1847. 'Ya'yansa huɗu sun gaje shi ɗaya bayan ɗaya: Lawal, Sanda, Zubairu da Bobbo Ahmadu. A zamanin Zubairu ne Turawan Ingila suka ci Yola a 1901, aka raba ƙasar tsakaninsu da Jamus. Mubi ta faɗa ɓangaren Jamus, kuma ba ta zama cikakken yankin Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Yau jiha guda a Najeriya da yanki guda a Kamaru suna amsa sunan Adamawa.