Bargery, Baturen Da Ya Adana Mana Karin Sautin Hausa

An haifi George Percy Bargery a garin Exeter na Ingila a 1876. Aikin mishan ne ya fara kai shi Arewacin Nijeriya, daga baya ya koma sashen ilimi na gwamnati, inda aka ɗora masa aikin haɗa ƙamus.

Shekara da shekaru yana tattara kalmomi daga bakin masu harshen, R. C. Abraham kuma ya taimaka masa. Ƙamusun ya fito a 1934, yana nuna inda murya ke hawa da inda take sauka. Da wannan ne muke rarrabe kukan yaro da kukar miya, ko da yake rubutunsu ɗaya, wato kuka. Ya kuma bi yadda aikatau ke sauya kama, kamar saya, sayi, sayo da sayar.

Daga bisani ya koyar da Hausa a Jami'ar Landan. Ya rasu a 1966.

Mu da muka daɗe a ƙasashen waje, muna jin yadda wannan kari ke kuɓuce wa 'ya'yanmu. Littafi ya adana shi, amma a bakin iyaye yaro ke ɗaukarsa. Don haka mu riƙa yi musu Hausa a gida.