Malam Aliyu Namangi: Makahon Da Ya Yi Wa Masu Ido Jagora

A wannan fitowa za mu duba rayuwar wani bawan Allah wanda da wuya a ce ba ki taɓa jin waƙarsa ba, ko da ba ki san sunansa ba. Idan kin taɓa jin makaho a kasuwar Illela, ko a tasha, ko a tsallaken iyaka can Birnin Ƙonni, yana rera begen Manzon Allah (SAW) da tunatarwa kan mutuwa da kwanciyar kabari, to sau da yawa Imfiraji ce kike ji, waƙar Malam Aliyu Namangi.

An haifi Malam a shekarar 1894 a ƙasar Zazzau. Tun yana ɗan ƙaramin yaro ciwo ya tafi da idanunsa. Ke uwa, kin san yadda zuciya take idan aka ce ɗanki ba zai sake gani ba. Amma wannan yaro bai tsaya ga zaman jiran sadaka ba. An kai shi gaban malamai, ya yi karatu da kunne da hadda, har ya zama malami a birnin Zariya.

Yadda yake tsara waƙa abin mamaki ne. A ka yake shirya baiti, ya auna shi, ya riƙe, sannan ya faɗa wa mai ido ya rubuta da ajami. Kowane baiti na Imfiraji layi biyar ne, kuma waƙar ta yi tsawon da sai da aka kasa ta kashi-kashi, tara daga ciki suka fito a littafi a Zariya. Sunan daga Larabci yake, ma'anarsa yayewar ƙunci. A ciki akwai yabon Annabi (SAW), da tsoratarwa kan ranar hisabi, da kwaɗaitarwa ga Aljanna, da nasiha kan zaman duniya. Mu ma mata bai bar mu a baya ba, ya yi mana gargaɗi.

Waƙar nan ta zame wa makafi 'yan uwansa jari. A garuruwan Hausa makafi suna da unguwarsu da Sarkinsu, babba ya koya wa ƙarami baitoci, su fita ɗaya yana bayarwa saura suna amshi. Da haka mutane da yawa suka ci abinci, suka yi aure, suka riƙe iyali, kuma matan da ke cikin kulle suka ji wa'azi daga bakin zaure. Daga baya waƙar ta shiga rediyo da makarantu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na Dakta. Ya rasu a 1990, yana da shekara fiye da 90.

To 'yar uwa, mene ne namu a ciki? Abin da ya ɗaga Malam Aliyu ilimi ne. Ki tuna da Abdullahi ɗan Ummi Maktum (RA), makahon da Suratu Abasa ta sauka a kansa, ladanin Annabi (SAW), wanda ake bar wa riƙon Madina idan an fita yaƙi. Amma yau a gidajenmu, da an haifi yaro mai lalura sai a ɓoye shi a ɗaka don kunya, ko a miƙa masa ƙoƙon bara, a haɗa shi da ƙanwarsa ta yi masa jagora. Kin ga an rasa karatun yara biyu ke nan.

Don Allah idan kina da irin wannan yaro, ki kawo shi Islamiyya. Hadda ba ta neman ido. Ki lallashi maigida ya bincika makarantar masu buƙata ta musamman da ke Sakkwato, inda ake koyon rubutun makafi. Ki kuma kai yara rigakafin ƙyanda, don tana cikin cututtukan da ke makantar da yara. In kuwa makaho ya tsaya yana bege a ƙofar gidanki, ki hana yara tsokanarsa, ki saurara, ki ba shi da mutunci.

Allah Ya jiƙan Malam Aliyu Namangi, Ya shirya mana zuri'a, amin.