Ladi Kwali: Maginiyar da randunanta suka kai gidan baje koli a Landan

Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga wata mata ta duƙufa a kan tukunya. Ita ce Ladi Kwali, wadda aka haifa wajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari, da ke cikin Birnin Tarayya a yau. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, gini irin na matan yankin: a murza yumɓu, a ɗora kan juna, maginiya tana zagaya tukunyar tana lailaya ta da hannu.

Abin da ya fito da ita shi ne zane. Takan zana kunama da ƙadangare da hawainiya da kada da kifi a jikin randa, cikin tsari mai natsuwa. Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara wasu daga cikin tukwanenta a fadarsa, kuma a can ne Bature maginin tukwane Michael Cardew ya gan su a 1950. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yanzu, wadda ta bar wa sabon babban birni sunanta.

Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, Ladi kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a cikinta. Ta koyi gini da na'urar juyi, amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su. Abin da ya sauya shi ne gashi: aka riƙa shafa musu ruwan ƙyalli, ana gasa su a tanderu mai tsananin zafi. Sai randar ta yi nauyi, ta kuma daina tsatsafo, alhali tsatsafon nan ne ke sanyaya ruwa. Randa ta tashi daga kayan ɗaki ta koma abin kallo, uwar gida a Kwali ba ta da abin yi da ita.

Masu sayenta suna wani wuri dabam. Berkeley Galleries, wani gidan baje kolin kayan fasaha mai zaman kansa a Landan, ya nuna tukwanen Abuja a 1958 da 1959 da 1962, kuma aikin Ladi ne ya fi jan idon masu kallo. Ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani a danganta tukunyar Afirka da sunan wadda ta gina ta, domin gidajen tarihi na Turai sun saba rubuta sunan ƙabila kawai. Daga nan ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, ta kuma zagaya Amurka tare da Cardew a 1972.

Ba ta yi karatun boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, gwamnatin tarayya kuma ta ba ta lambar OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Cibiyar Suleja tana ɗauke da sunanta, haka ma wani titi a unguwar Wuse da ke Abuja.