Rayyis Hamidu ɗan Ali, Shugaban Jiragen Ruwan Alje

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani mutum daga maƙwabciyarmu Aljeriya, wanda Turawa suka daɗe suna kira ɗan fashin teku, mutanen ƙasarsa kuwa suka sa wa wani gari na bakin ruwa, kusa da birnin Alje, sunansa. Shi ne Rayyis Hamidu ɗan Ali. Rayyis laƙabi ne da suke ba shugaban jirgin ruwa.

An haife shi wajen shekara ta 1770. Mahaifinsa tela ne, ya kuma so ɗansa ya gaje shi, amma yaron ya aje allura ya shiga jirgi tun yana ƙarami. A wancan zamani ƙasar tana ƙarƙashin inuwar Sarkin Santambul, sai dai tana da shugabanta da ake kira Dai, kuma galibin masu riƙe da manyan jirage Turkawa ne ko Turawan da suka musulunta. Ɗan ƙasa irin Hamidu bai cika samun wannan matsayi ba. Ya fara yin suna a hidimar mai mulkin Wahran, daga nan Dai Hasan ya kira shi Alje ya damƙa masa jirgi.

Domin mu fahimci sana'arsa, dole mu rarrabe abu biyu. Ɗan fashi yana tare kowa, don kansa, ba da izinin kowa ba. Mai samame da izini kuwa hukuma ce ke ba shi takarda ya kama jiragen fatauci na ƙasar da ake yaƙi da ita kaɗai. Wannan ba al'adar Musulmi kaɗai ba ce. A shekarun nan ne Bafaranshe Robert Surcouf yake kame jiragen Ingila a tekun Indiya da takardar gwamnatinsa, a yau kuma mutum-mutuminsa na tsaye a garinsu Saint-Malo.

Kama jirgi ba ya mayar da shi halaliyar wanda ya kama. Sai an kai shi tashar ruwa an yi shari'a. A Ingila akwai kotun ganima, wadda alƙali William Scott ya shugabanta daga 1798. Ita ke bincikar takardun jirgi, ta tambayi ma'aikatansa, ta tabbatar ko na abokan gaba ne ko na ƙasar da ba ruwanta da yaƙin. Idan kamun ya saɓa ƙa'ida, a mayar wa mai shi, wani lokaci har da diyya. A Alje maganar takan ƙare gaban Dai, inda jakadun ƙasashe ke zuwa neman a saki jirgin da ke da amana.

Yadda ake gane mai amana a tsakiyar teku abin sha'awa ne. Ƙasa kamar Ingila, da ta ƙulla sulhu da Alje, takan yanka takardar shaida gida biyu, yanka mai lanƙwasa. Ɓangare guda yana hannun ɗan kasuwa, ɗayan a aika wa shugabannin jiragen Alje. In an haɗu, sai a haɗa biyun. Sun dace, a wuce lafiya. Ko wanda bai iya karatun Turanci ba yana iya yanke wannan hukunci da idonsa.

Idan ganima ta tabbata, a yi gwanjonta. A fara cire kason hukuma, wanda suke kira banjik, wato ɗaya bisa biyar, ko da yake sau da yawa ɗaya bisa takwas ake cirewa. Abin da ya rage a raba biyu, rabi ga masu jirgi, rabi ga mayaƙa da matuƙa gwargwadon matsayinsu. Duk wannan ana rubuta shi. Littafin ganimar Alje na 1765 zuwa 1830 ya tsira, kuma sunan Hamidu ya maimaitu a cikinsa.

Babbar nasararsa ta zo a watan Mayu 1802, lokacin da ya kama jirgin yaƙin Fotugal mai suna Cisne da mutum kimanin 280 a ciki. Ɗaukakar da ya samu ta jawo masa ƙiyayyar fada, har Dai na wancan lokaci ya kore shi zuwa Bairut a 1808, kafin wani Dai ya maido shi bayan shekara guda.

A nan ba za mu rufe ido ba. Ganimar nan ba kaya kaɗai ba ce, har da mutane. Da yawa daga waɗanda aka kama a Cisne sun zauna cikin bauta a Alje, sai bayan sulhun 1810 aka soma fanso su. Kamar haka Musulmi suka yi ta shan wahala a hannun masu samamen Malta da Italiya. Kuma a 1811 Hamidu ya juya igoginsa kan jiragen Tunis, ƴan'uwansa Musulmi, saboda rikicin masu mulki. Takardar izini ta tsara rabon dukiya, amma ba ta share hawayen iyalan wanda aka kama ba.

Ajalinsa ya zo ta hannun Amurka. Tun 1795 take biyan Alje kuɗin sulhu kowace shekara, sai aka ɓata a 1812, aka kama wani jirgin fataucinta. Da ta gama yaƙinta da Ingila, ta turo Stephen Decatur da jirage goma. Ranar 17 ga Yuni 1815, daidai da watan Rajab 1230, suka riski Hamidu shi kaɗai cikin jirginsa Mashhuda kusa da gaɓar Andalus. Bai miƙa wuya ba. Harsashin igwa ya same shi tun farkon faɗan, mutanensa suka sa gawarsa cikin teku kamar yadda ya yi wasiyya, don kada ta faɗa hannun abokan gaba. An kama jirgin da mutum fiye da 400.

Ranar 30 ga watan aka ƙulla sulhu: Amurka ta daina biyan kuɗi, aka saki fursunoni, aka kuma mayar wa Dai jirgin Mashhuda ba tare da shugabansa ba. Faransa ta ci Alje a 1830, sannan a 1856 manyan ƙasashen Turai suka taru a Paris suka haramta ba ƴan kasuwa izinin samame a teku. Allah ya jiƙan Hamidu, ya yafe masa kurakuransa.