Colin Chapman: Injiniyan da ya riƙa sayar da mota a warwatse, mai saye ya haɗa da kansa

A 1948 wani ɗalibin injiniya a Landan ya kwance wata tsohuwar mota ƙirar Austin 7 a garejin iyayen budurwarsa, Hazel Williams, ya sake mata jiki domin shiga gasa. Sunansa Colin Chapman, kuma wannan ce motar farko da ta ɗauki sunan Lotus.

An haife shi ranar 19 ga watan Mayun 1928 a Ingila. Ya yi karatu a University College London, ya ɗan taɓa aikin sojan sama, sannan ya kafa kamfanin Lotus a 1952 a unguwar Hornsey da ke arewacin Landan. Ya auri Hazel a 1954.

Shasi kafin inji

Duk mai son haɗa motar tsere a gida, abu biyu ne ke gabansa: shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da motar baki ɗaya, da kuma inji. Mafi yawan mutane kan fara neman babban inji, amma Chapman ta shasi yake farawa.

Hujjarsa ita ce babban inji a miƙaƙƙiyar hanya kawai yake da amfani, mota marar nauyi kuwa tana cin riba wajen tashi da shan kwana da taka birki.

A motarsa Mark VI ta 1952, ya haɗa siraran bututun ƙarfe da walda, kowanne na tokare da ɗan'uwansa, har shasin ya yi ƙarfi alhali nauyinsa bai wuce kilo 25 ba. Mai saye zai kai shi gida, ya ɗora masa injin da aljihunsa zai iya, galibi na Ford.

Lotus Seven

A 1957 aka fito da Lotus Seven, mai kujera biyu da nauyin kusan kilo 500. Injin da aka fi sa mata da farko na ƙananan motocin Ford ne mai cc 1,172, wanda ke da araha kuma kayan gyaransa na ko'ina. Mai kuɗi kuma yana iya zaɓar injin Coventry Climax.

Haraji ma ya taimaka. A lokacin, motar da aka saya a warwatse ba a biya mata harajin da ake ɗora wa sabuwar mota a Birtaniya. Da tsarin harajin ya sauya a 1973, Chapman ya sayar wa kamfanin Caterham haƙƙin ƙera Seven, kuma har yau ana yin ta.

Nasara da asarar rayuka

Da wannan tunani ya shiga gasar Formula 1, inda Lotus ta zama zakarar kamfanoni sau bakwai a zamaninsa. Jim Clark ya ci kambun duniya a motarsa a 1963 da 1965.

Sai dai masu suka sun zarge shi da rage nauyi har motocin su rasa ƙwari. Clark ya mutu a cikin Lotus a Jamus a 1968, haka ma Jochen Rindt a Italiya a 1970. Har yanzu masana na muhawara kan iyakar da ya kamata mai ƙera mota ya tsaya wajen rage ƙarfe.

Chapman ya mutu ranar 16 ga Disamban 1982 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 54. Ya bar baya da ƙura, domin daga baya sunansa ya fito a badaƙalar kuɗin kamfanin motoci na DeLorean, wadda ta kai wani babban jami'in Lotus, Fred Bushell, gidan yari.

Duk da haka, da yawa daga cikin motocin da ake haɗawa a garejin gida a yau, tsarin Seven suke bi.